Kwafe Saƙon Gargaɗi Daga Allon Kwamfuta

Masu gyaran kwamfuta a titin Beirut da Sabon Gari, cikin ƙaramar hukumar Fagge, sun saba jin masu kawo kwamfuta gyara suna cewa "ta nuna wani rubutu", alhali ainihin lambar matsalar ce ke gajarta aikin gyara. Akwatin saƙo, wato 'yar tagar da ke fitowa da gargaɗi, ba kasafai yake bari a zaɓi rubutunsa da linzami ba, amma a Windows danna Ctrl da C tare yakan kwafe shi duka, sai a liƙa a Notepad. Inda hakan ya faskara, Text Extractor, ƙaramar manhajar da Microsoft ya ƙara cikin tarin manhajojinsa na PowerToys a 2022, tana karanto haruffa daga hoton allo, ko da yake takan rikita sifili da harafin O, abin da ke sa dubawa ta zama dole.