WUTAR DA KE CI TA ƘARƘASHI
(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)

 Da kwamitin shirya taro ya ce in yi magana a kan aikina, sai da gabana ya faɗi, domin ga malamin da ya koya mini kemistiri nan zaune a layin gaba, kuma shi ya fi kowa sanin makin da na ci a aji huɗu. Malam, in na yi kuskure a gyara mini kamar yadda aka saba.

Ni dai ma'aikacin gwamnati ne a sashen da ke duba lafiyar wuraren haƙar ma'adinai. Aikin nan ne ya kai ni kwas a Afirka ta Kudu, inda na fara shiga ramin kwal na ƙarƙashin ƙasa. Mu ma muna da tarihin kwal. An gano shi a Udi, kusa da Enugu, a 1909, kuma shi jiragen ƙasanmu suka daɗe suna ƙonawa. Ramukan Enugu sun daina aiki, wanda kuwa ake haƙa a Maiganga ta Jihar Gombe a fili yake. Amma duk ranar da aka koma ƙarƙashin ƙasa, abin da zan faɗa zai shafe mu.

Abokan gaban mai haƙar kwal guda biyu ne, kuma ido ba ya ganin ko ɗaya, hanci ba ya jin warinsu. Na farko iskar metan, wadda ke fitowa daga jikin kwal. Idan ta kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar rami, tartsatsi ɗaya ya isa ta fashe. Shi ya sa a Amurka doka ta ce da zarar ta kai kashi 1.5 a wurin aiki, a yanke lantarki a janye ma'aikata.

Na biyu iskar kabon monoksaid, kuma a kanta zan fi tsayawa. Kwal yana shan oksijin a hankali, yana ɗaukar zafi. Idan iska mai yawa tana ratsa wurin, sai ta kwashe zafin. Idan babu iska sam, abin ya mutu. Matsalar tana tsakiya: a tsofaffin lungunan da aka gama haƙa, inda 'yar iska ke kurɗawa, ta isa ta ciyar da zafin amma ba ta isa ta sanyaya shi ba. Nan kwal zai yi ta zafi har ya kama da kansa ba tare da ashana ba. Wutar ƙaiƙayi ke nan, mai ci ta ƙarƙashi. Sa'ar da aka yi, tun kafin hayaƙi ko harshen wuta, kwal ɗin yakan fara fitar da kabon monoksaid. Wato wutar takan aiko da ɗan aike kafin ta iso.

Yaya ake karɓar saƙon? A 1815 Humphry Davy ya ƙera fitilar da harshenta ke nuna alamar metan. Bayan fashewar ramin Tylorstown a Birtaniya a 1896, likita John Scott Haldane ya gano cewa kabon monoksaid ce ta kashe yawancin mamatan, domin jini ya fi kama ta sama da sau 200 a kan oksijin. Shi ya kawo shawarar shiga rami da ƙananan halittu. Daga nan aka riƙa shiga da kanari, irin wanda wasunmu suka kiwata a keji. In tsuntsu ya faɗo, mutum ya yi ta kansa. Sai a 1986 Birtaniya ta sallami kanari, na'ura ta gaje shi.

Yau kowane mai duba rami yana rataye da ƙaramar na'urar awon iska. Akwai kuma waɗanda aka kafa a hanyoyin iska suna aika sakamako sama dare da rana, da siraran bututai masu zuƙo iska daga lungunan da aka toshe. Ba adadi ɗaya ake dubawa ba. Akwai lissafin Graham, wanda ke gwama kabon monoksaid da aka samu da oksijin da ya ɓace. In lissafin yana hawa kullum, to kwal yana zafi a wani wuri, domin ruwa ba ya tsami banza.

Ga abin da na gani da idona. Kwana uku a jere awon wani lungu yana ɗan hawa, bai ma kai inda ƙararrawa za ta buga ba. Ni a raina na ce ai ba komai. Amma dattijon da ke kula da iskar ramin ya sa aka tsayar da aiki a sashen, duk da ƙorafin masu lissafin asara. Da aka bincika, sai ga tsaga a jikin katangar da ta toshe tsohon lungu. Aka liƙe ta, awo ya sauka. Babu wanda ya ba shi lambar yabo, domin wutar da ba ta tashi ba ba ta shiga jarida. Wadda ta tashi kuwa, kamar ta Soma a Turkiyya ranar 13 ga Mayu, 2014, ta ci mutum 301, yawancinsu wannan iska ce ta kashe su.

Darasin da na ɗauko shi ne, na'ura faɗa kawai take yi. Sai an sami mutumin da zai karanta, ya yarda da abin da ya gani, kuma ya iya ce wa na gaba da shi a dakata. Ranar nan ni na kasa, dattijon ya iya.

Daga ƙarshe, wannan iska ba a rami kaɗai take ba. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, da janareta a cikin gida, ita suke fitarwa. In kan kowa a ɗaki ya fara ciwo lokaci ɗaya, a buɗe ƙofa a fita.