Mu Ci Kasuwa, Kada Kasuwa Ta Cinye Mu

 

Yau maganar kasuwa za mu yi. Tun da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamba na 2024, bayan ta yi shekaru a rufe, kun ga yadda mu ma nan Dogon Dawa gari ya fara motsi. Motoci sun ƙaru a hanyar Funtuwa, masu sayen masara na shigowa, mai ƙosai ma tana samu. Allah Ya ɗorar mana da zaman lafiya. To amma fa ba duk wadda ta je kasuwa ke dawowa da riba ba.

Ku dubi cefanenmu. Manja na ƙulli, gishiri na ƙulli, omo na ƙulli. Kowane ƙulli akwai ribar mai tebur a ciki, har da kuɗin leda. Ba cutarmu ya yi ba, shi ma jarka ya saro ya raba. Abin da yake yi shi nake so mu yi wa kanmu. Kowace ta faɗi abin da gidanta ke buƙata a wata, sakatariya ta rubuta, mu haɗa kuɗi, mu tura mata biyu su saro jarkar manja, buhun gishiri da katan ɗin sabulu. Wannan kuɗi daban yake da na akwati, kada a taɓa zubi. In kaya sun iso a raba a gaban kowa, da kwalba ɗaya da mudu ɗaya, domin wurin awo ne ƙawaye ke ɓatawa. Canji ko na naira hamsin ne a faɗe shi.

Sai kuma abin da mu muke kaiwa. Daddawa da man kaɗe gadonmu ne daga dajin nan. Shekarun da shiga daji ya gagara, yara mata da yawa sun taso ba su san yadda ake dafa kalwa ba, a surfe ta, a wanke, a rufe ta kwana biyu ko uku har ta nuna. Ni dai miyar kuka ba daddawa, gara in sha kunu. Ban ce kowa ta yi nisa cikin daji ba, ana samun kalwa a kasuwa, ita ma sai mu saro a haɗe.

Iyayena da suka iya daddawa, don Allah ku ɗaga hannu sakatariya ta ɗauki sunayenku, mu sa ranar da 'yan mata za su zo su zauna kusa da tukunya.