Kafin Ka Ce "Na Saya": Jawabi ga Malamai Masu Shirin Sayen Mota

 

Kuɗin da malami ke kaiwa wurin dilan mota gumin shekaru ne, ko na adashi ko rancen ƙungiya da za a riƙa cira daga albashi. Duk nairar da ka rage a ciniki abincin iyalinka ce.

Kada ka shiga ciniki sai ka zagaya wurare uku ko huɗu ka san farashi. Kada ka faɗi abin da ke aljihunka, kada dillali ya ga zumuɗi a fuskarka. Tafi da bakanikenka, ba wanda masu wurin suka nuna ba, ya duba inji da giya da ƙafafu. Duk aibin da ya gano hujja ce ta neman ragi. In 'yar Kwatano ce, gwada lambar shasi da ta takardun kwastan, don gudun cinikin biri a sama.

Yi tayi ƙasa da abin da ka shirya biya. In aka ce "albarka", yi godiya ka juya. Sau da yawa a bakin ƙofa ake sallamawa. A fayyace mai biyan la'ada tun farko, kada a ba da kafin alƙalami sai da rubutacciyar yarjejeniya da shaidu.

Allah Ya albarkaci guminmu.