Wa Zai Riƙe Gidan Tarihi?



A Argungu akwai Gidan Tarihi na Kanta. Da can fadar Sarkin Kabi ce. An gina ta a 1831, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. Akwai makaman yaƙi da kaburburan sarakuna a ciki.

Irin wannan gida, in shugabansa ya tsufa, wa za a ɗora? Sau da yawa shi kaɗai ya san labarin kowane takobi.

Don haka kada kwamiti ya jira. A nemo magaji tun tsohon yana da ƙarfi, ya zauna da shi, ya rubuta komai a littafi. A duba amana kafin dangantaka, domin masu sayen kayan tarihi suna yawo da kuɗi. Kuma ya san maganin gara da yoyon damina.