Darasin Kuɗi na Ma'aikatan Banki: Wa Ya Kamata a Koya wa a Maiduguri?

Shigar ma'aikatan banki makarantu domin koyar da sarrafa kuɗi ta samo tushe ne daga tsarin da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a watan Oktoban 2012, na jawo jama'a cikin harkar banki. A shekarun da suka biyo baya, kwamitin shugabannin bankuna ya riƙe ranaku biyu a shekara: ɗaya a watan Maris, cikin makon kuɗi na duniya, ɗaya kuma 31 ga Oktoba, ranar tanadi ta duniya. A ranakun manajoji da ma'aikata kan shiga aji su yi bayani kan ajiya da kasafi da bashi. Mahalarta wannan zama sun san sauran: a raba littattafan rubutu masu tambarin banki, a ɗauki hoto, a koma ofis kafin azahar. Niyyar waɗannan ma'aikata masu sa kai tana da kyau. Inda aka nufa da darasin ne ke da gyara.

Hujjar tana cikin alƙaluman binciken cibiyar EFInA, waɗanda Babban Bankin kansa ke dogaro da su. Burin tsarin 2012 shi ne zuwa 2020 a rage manyan da ba sa hulɗa da kowace kafar kuɗi su koma kashi 20 cikin ɗari. A 2018 adadin ya tsaya a kashi 36.8 a faɗin ƙasa, Arewa maso Gabas tana da kashi 55, Arewa maso Yamma kashi 62. A 2020, shekarar cika alkawari, na ƙasa ya kasance kashi 35.9, wato ko kashi ɗaya bai motsa ba, alhali duk tsawon lokacin ana ta ziyarar makarantu. Sai a 2023 aka ga sauyi: na ƙasa ya faɗo zuwa kashi 26, na Arewa maso Gabas kuma zuwa kashi 38.

Abubuwa biyu ke fitowa daga waɗannan alƙaluma. Na farko, binciken yana ƙidaya masu shekara 18 zuwa sama ne. Mutanen da aka bari a baya iyaye ne, 'yan kasuwa, manoma da matan aure, kuma babu ɗayansu da ke zaune a ajin sakandare ranar da manajan banki ya zo. Na biyu, tsakanin 2020 da 2023 tsarin ziyarar makarantu bai canza ba. Abin da ya canza shi ne yaɗuwar masu POS, da asusun waya, da ƙarancin takardun kuɗi da sauya fasalin naira ya jawo a farkon 2023, wanda ya tilasta wa mai shayi da mai kayan miya karɓar tiransifa. Jama'a sun shiga harkar banki ta hannun mai POS, bisa tilas, ba tare da wani ya koya musu komai ba.

Ana ganin sakamakon a unguwannin Maiduguri irin su Umarari da Bolori da Gwange. A ƙarƙashin lemar mai POS, dattijuwa kan miƙa katinta ta faɗi lambar sirrinta da ƙarfi, mutanen da ke layi suna ji, domin ba ta iya latsawa da kanta. Wani magidancin a kira shi a waya a ce daga banki ne, a nemi lambar BVN da lambobin da aka turo masa, ya karanto su tiryan-tiryan. Mai kifi a kasuwar Baga Road ya saki kaya saboda an nuna masa alat na bogi. Waɗannan ne ɗaliban da ke bukatar malami, kuma Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa suke ji, alhali yawancin takardun da ake rabawa da Turanci aka buga su.

Maiduguri ta kuma ɗanɗana hatsarin ajiye jari a gida ko a shago. Gobarar Kasuwar Monday ta 26 ga Fabrairun 2023, da ambaliyar da ɓallewar madatsar Alau ta jawo ranar 10 ga Satumbar 2024, sun cinye dukiyar da ba ta da rajista a ko'ina. Duk da haka, 'yan kasuwa nawa aka taɓa zaunar da su aka gaya musu cewa tun 2024 hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiya a bankunan kasuwanci daga naira 500,000 zuwa naira miliyan 5?

Masu kare tsarin yanzu kan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma ba a tanƙwara shi da awa biyu a shekara, kuma yaro ba shi ne ke riƙe da kuɗin gidan ba. Masu fakewa da matsalar tsaro don ƙin shiga unguwanni kuwa, amsarsu ita ce Umarari tana cikin gari, kuma ma'aikatan tallan asusu suna isa duk inda ake samun kwastoma.

Gyaran da ake bukata ba sabo ba ne. Da farko, a mayar da rabin ranakun sa kai zuwa kasuwanni, tashoshin mota da makarantun Islamiyya na matan aure, a kuma maimaita ziyarar duk wata. A bi ta hannun bulama da lawan da shugabannin kasuwa, domin maganarsu ce ke tara mutane. A fara da uwayen adashi da masu POS, tunda su ne jama'a suka riga suka amince wa da kuɗinsu. Abin da uwar adashi ɗaya ta fahimta zai isa gidajen duk masu zubi a wurinta. A yi maganar riba a fili, tare da malamai, domin tun 2012 bankin Jaiz ke aiki ba tare da kuɗin ruwa ba, wasu kuma sun biyo baya, kuma mutane da yawa da ke ƙaurace wa banki saboda addini ba su san da wannan ba. A haramta wa mai koyarwa tallan bankinsa a wurin darasi. A koya wa mutane inda za su kai ƙara: bankinsu da farko, in ya gaza, sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki.

Daga ƙarshe, a canza ma'auni. Rahoton da banki ke aikawa da yawan ɗaliban da suka halarta ba ya nuna ko an koyi wani abu. Jami'ar Maiduguri tana da malamai da ɗaliban da za su iya komawa unguwa bayan wata shida su tambayi mutane ko sun daina bayar da lambar sirri, ko asusun da aka buɗe yana aiki. Bankin da bai yarda a auna darasinsa ta wannan hanya ba, talla yake yi.