Gwaninta Daban, Koyarwa Daban



An nemi mu ce wani abu game da shawarar ɗauko 'ya'yanmu masu digiri su taimaka a makarantun firamarenmu. Muna goyon baya, amma da sharaɗi.

Ku je marinar Ƙofar Mata a Kano, ku tambayi tsohon marini yadda yake gane baba ya nuna. Zai dubi kumfa, ya shinshina, ya ce, “Ai ga shi nan.” Ba rowa yake yi ba. Ilimin ya sauka hannunsa da hancinsa, har ya manta matakan da ya taka kafin ya kai nan. Yaronsa zai shekara da shekaru a bakin rijiyar baba yana ɗauka da ido. Malamin aji kuwa 'yan mintoci gare shi, ga yara cike da ɗaki.

A ce yaro ya ɗebe 27 daga 52, ya rubuta 35. Masanin lissafi zai soke da jan biro, ya rubuta 25, ya wuce. Malamin da aka horar ya san inda 35 ta fito: yaron ya ga 7 ba ta ɗebuwa daga 2, sai ya juya su. Nan take zai kawo tsinkaye ɗauri goma-goma, ya sa yaron ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa, ya ga mene ne aro. Wannan sanin, na inda mai koyo yake tuntuɓe, shi ne abin da aka kafa Kwalejin Katsina dominsa, wadda aka buɗe a 1922.

Kada a ɗauka muna raina zurfin ilimi. Mu da muka shiga kwalejin horon malamai zamanin UPE na 1976 mun ga waɗanda aka yaye cikin gaggawa, sun iya tsara darasi, amma abin da za su zuba a ciki kaɗan ne. Su ma yara sun sha wuya a hannunsu.

Saboda haka roƙonmu ga Ƙungiya shi ne, kowane matashi da za a ɗauka a haɗa shi da tsohon malami na tsawon zango ɗaya. Ya fara zama a bayan aji, ya duba littattafan yara, ya nemi dalilin kowane kuskure kafin a miƙa masa alli. Mu 'yan fansho muna nan, kuma ba mu neman ko kwabo.