Labarin Sabbatai Zebi da Gargaɗin da Ke Cikinsa

Bari mu duba wani abin da ya faru a cikin Yahudawa, domin mu sami gargaɗi ga kanmu.

A shekara ta 1648 aka yi wa Yahudawan ƙasar Folan da Yukren kisan gilla, aka rushe majami'unsu. Waɗanda suka ragu suka zauna cikin baƙin ciki, suna ta zuba ido ga mai ceto. Mai ƙishirwa kuwa ba ya tsayawa duban tsabtar ruwa.

Akwai wani mutumin Simirna, sunansa Sabbatai Zebi, an haife shi a 1626. A 1665 wani saurayi mai suna Natan, mazaunin Gaza, ya yi shela cewa wannan mutum shi ne Almasihu. Wasiƙu suka bazu har Amsterdam da Hamburg da ƙasar Yaman. Mutane suka bar sana'a, waɗansu suka sayar da gidajensu suna shirin tafiya Urushalima. Waɗansu suka yi ta dogon azumi, waɗansu suka yi birgima cikin ƙanƙara, wai don su gaggauta ceto. Wanda ya nuna shakka kuwa, sai jama'a su tasar masa. Sabbatai ya soke azumin tunawa da rushewar Haikali, ya mai da shi idi.

Amma ba dukansu suka ruɗu ba. Wani malaminsu a Hamburg, Yakubu Sasportas, ya tsaya da ƙarfi. Ya yi ta rubuta wa majami'u cewa alamun da annabawa suka faɗa ba su cika ba, ko da ya ke masu jin maganarsa kaɗan ne.

A 1666 Turkawa suka kama Sabbatai, suka tsare shi a Galifoli. Cikin watan Satumba aka kai shi fadar Sarki Mehmed na Huɗu a Edirne, aka ce ya zaɓa, ko mutuwa ko musulunta. Ya musulunta, aka naɗa masa rawani. Ya mutu a 1676. Kaɗan suka bi shi, yawanci suka koma ga addinin kakanninsu da karyayyar zuciya.

Kada mu yi musu dariya, gama laifi tudu ne. A Amurka Kirista dubbai suka gaskata lissafin William Miller, suka jira dawowar Ubangiji ran 22 ga Oktoba, 1844, har gari ya waye a kansu. Wahala takan sa mutum ya kama kowace igiya.

Saboda haka, idan wani ya zo mana da mafarki, ko da rana ƙayyadajjiya, ko ya ce mu bar noma mu bi shi, sai mu auna maganarsa da Littafi Mai Tsarki. Wanda ya yi tambaya a cikinmu kuma, kada mu mai da shi abokin gaba. Ubangiji ya ba mu himma tare da hankali. Amin.